Wai "Mun Saba": Yadda Muke Kurmantar Da Kanmu Duk Bazara

Yau dai ba rarrashi na zo yi ba, domin maganar da ke tafe da ni ta wuce ta rarrashi. Idan bazara ta kama a arewacin Yobe, tun daga Nguru, a biyo ta Gashua, a hau har Kumagannam ta ƙasar Yusufari, kowa ya san abin da ake tsoro: rana mai wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga ƙishirwa, ga ƙyanda, ga sanƙarau. Waɗannan kam muna kaffa-kaffa da su, kuma mun kyauta. Amma akwai wata ɓarnar da muke yi wa kanmu a daidai wannan lokaci, da kuɗinmu kuma da hannunmu, ba mai ko ɗaga kai ya dube ta. Muna kashe kunnuwanmu da na 'ya'yanmu da ƙara. In ka buɗe baki ka yi magana, sai a ce maka, "Malam, ai mu mun saba." To, wannan "mun saba" ɗin nake so mu feɗe yau har wutsiya.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa bazara da kunne? Abubuwa da yawa. Zafi ne ke korar mutane daga ɗaka, a kwana a tsakar gida ko a ƙofar gida, taga da ƙofa duk a buɗe, babu bangon da zai tare maka komai. Wutar da har yau muke kira ta NEPA ba ta zama, sai mai ɗan hali ya tayar da janareta don fanka ta juya, kuma saboda tsoron ɓarawo sai ya ajiye shi dab da tabarmar da yara ke kwance. Da rana kuwa, lokacin noman rani ne a fadamun Nguru da bakin kogin da ya ratsa Gashua, saurayi zai wuni tsugune kusa da injin ban ruwa tun hantsi har la'asar. A cikin gari ga injin niƙa, ga injin ɓarzar shinkafa, ga masu walda, ga mai shagon caji da ya kafa lasifika a bakin titi, ga mai tallan maganin basir da ya ɗaura tasa a kan mota. Da dare ga gidan kallon ƙwallo, tunda a watan Mayu ake ƙarƙare wasannin Turai. Sannan ga bukukuwan aure da ake ta rige-rigen gamawa kafin damina ta sauka kowa ya nufi gona. Wato tun daga asuba har wata asubar, kunne ba ya samun hutun da ko jaki ake bai wa.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, don kada a ce son raina nake faɗa. A can cikin kunne, bayan fatar nan mai kama da ta ganga, akwai wani ɗan ƙashi a nannaɗe kamar dodon koɗi, cike da ruwa. A cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a kansu, kimanin 16,000 a kowane kunne. Su ne ke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙo, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero. In ta wuce da wuri sukan miƙe. In ta daɗe, ko ta yi ta maimaituwa, sai su mutu. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, a jikin ɗan Adam wanda ya mutu a cikinsu ya mutu ke nan, ba ya sake tsirowa. Ba allura, ba kwaya, ba saiwa, ba rubutun sha da ke dawo da shi. Abin mamaki, tun 1988 masana suka gano cewa tsuntsaye su nasu na sake tsirowa. Ke nan agwagin ruwan da ke sauka a Dagona sun fi mu gata a wannan fanni, amma mu da ba mu da canji, mu ne muke wasa da namu.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da ya cutu ba, yaro kuwa 75 ne nasa. A wurin aiki, ƙa'idar da masana suka fi bi ita ce 85 na awa 8 a rana. Sai dai ma'aunin nan yana da wayo, domin duk ƙarin 3 da aka yi, ƙarfin sautin ya ninka ne, lokacin da kunne zai iya jurewa kuma ya rabu biyu. A 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, a 94 awa 1, in aka kai 100 kuwa minti 15 kacal. Ba sai kana da na'ura ba kafin ka gane. In mutum na tsaye kusa da kai, tsakaninku bai fi tsawon hannu ba, amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to wurin nan ya kai inda yake cin kunne. Yanzu don Allah a tuna gidan biki na ƙarshe da aka je, a gaya mini ko akwai wanda ya iya gaisawa da ɗan'uwansa ba tare da ya kafa baki a kunnensa ya yi ihu ba.

To, mu dawo kan "mun saba". Kunne ba tafin ƙafa ba ne da zai yi kanta ya daina jin zafin rairayi. Mutumin da ya ce ƙarar inji ta daina damunsa, a mafi yawan lokaci abin da ya faru shi ne wani sashe na jinsa ya riga ya tafi, shi ya sa ƙarar ta yi masa sauƙi. Abin da yake alfahari da shi, shi ne ainihin alamar ciwon. Kuma ciwon ɓarawo ne, ba ya zuwa da zafi ko jini. Yakan fara ne da wannan "shuuu" ko "ziii" da mutum ke ji in ya kwanta bayan ya dawo daga biki, ko ya ji kamar an cusa masa auduga. Da safe sai ya washe, ya ce ai ya wuce. Bayan shekaru sai ƙarar ta zauna daram, dare da rana. Sirara-siraran sautuka su ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts". Sai ka ce "sa" ya ji "sha", ka ce "fara" ya ji "sara". Yana jin muryarka sarai, amma bai gane me ka ce ba, musamman a kasuwa ko cikin taro. Daga nan matarsa ta fara cewa ya raina ta, abokai su ce girman kai ya shige shi, shi kuma ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki su yi magana.

Wanda ya fi ba ni tausayi, kuma ya fi sa ni fushi, shi ne yaron injin niƙa. A 2007 an wallafa wani bincike da aka yi kan masu niƙa a wata babbar kasuwa ta Ibadan. An auna ƙarar injinan an samu daga 88 har zuwa 105, babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ke toshe kunne, kuma fiye da rabinsu jinsu ya riga ya taɓu. Injin Ibadan da na Gashua ai duk ɗaya ne, ba wanda aka yi wa addu'a ta daban. Wa ke tsayawa a bakin injin a wurinmu? Mai injin yana can gindin bishiya yana shan iska yana karɓar kuɗi. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha huɗu, wani lokaci almajiri, shi ke zuba hatsi tun safe har magariba, a ɗan ɗakin langa-langa da ke mayar da ƙara kamar cikin ganga. A lissafin da na kawo a sama, minti 15 ne rabonsa a wurin da ya kai 100, shi kuwa yana yin awa goma. Kafin ya yi aure an riga an cinye masa kunne, a kan ladan da bai wuce na abincin rana ba. Wannan zalunci ne, ko an sani ko ba a sani ba.

Na zauna a Ingila, kuma ba ina kawo ta don in ce can aljanna ce ba. Amma a can akwai dokar 2005 kan ƙara a wurin aiki: in ƙara ta kai 80, dole mai wuri ya wayar wa ma'aikaci da kai kuma ya tanadi abin toshe kunne ga mai so, in ta kai 85 kuwa dole ne a saka. Kada wani ya yi saurin cewa ai wannan harkar Turawa ce. Mu ma muna da tamu. Tun 2009 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin taƙaita ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli, kuma a ciki an rubuta 85 na awa 8 a wurin aiki, an rubuta 50 da rana da 35 da dare a unguwar zama. Takarda dai tana nan. A 2016 Jihar Legas ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara. Mu a nan, jami'in ƙaramar hukuma ya san hanyar kowane injin niƙa in lokacin karɓar haraji ya yi, amma bai taɓa tambayar me ke kunnen yaron da ke ciki ba.

Sai gidan biki. Wai me ya sa muka ɗauka cewa girman aure a girman lasifika yake? Da can, mai kalangu da mai algaita da mai ganga sukan cika fili da kiɗa, a yi rawa a watse, kowa ya koma gida da kunnensa. Yanzu sai an jero akwatunan sauti sun fi mutum tsawo, an ƙure su har suna karkarwa, unguwa uku ba mai barci. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da mizani ga wuraren kiɗa da taro, ta ce kada matsakaicin sauti ya wuce 100, kuma a samar da wurin da mutum zai koma kunnensa ya huta. Wannan fa ga manya ne da suka kai kansu. Mu kuwa wa ke zama a gaban lasifika? Yara ƙanana, su ne ke rige-rigen zuwa su jingina da akwatin don su ji yana dukan ƙirjinsu. Ga kuma mai goyo da jariri ɗan wata uku a baya, ta tsaya a nan awa biyu tana liƙi. Hajiya, da wani ya ɗaga hannu zai mari jaririn nan, da kin tara masa jama'a. To abin da akwatin nan ke yi masa ya fi mari, domin zafin mari na wucewa.

Na san inda zan taɓa yanzu wasu za su ɓata rai, amma gaskiya ɗaya ce. Masallatanmu da wuraren wa'azinmu ma suna da nasu kason. Kiran salla ba wanda ke jayayya da shi. Amma wa'azin dare da ake sa wa lasifika huɗu a kan rufi, alhali masu sauraro ba su fi sahu biyu ba, wa ake yi wa? A 2024 da 2025 azumi ya faɗo cikin zafi, kuma duk wanda ke gari ya ji yadda masallatai biyu ko uku na unguwa ɗaya ke gasar ɗaga murya har ba a gane karatun kowa. Ga mara lafiya a kwance, ga tsoho, ga mai jego, ga ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC a watan Mayu. Addinin da ya hana cutar da maƙwabci bai ware cutarwa da lasifika ba. A 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta ba da umarnin a taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada ƙarfinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ban ji wanda ya ce sun bar Musulunci ba. Allah ya gafarta Malam, rage murya ba ya rage lada.

Ku kuma samari da 'yan mata masu igiyar kunne, ban manta da ku ba. Kuna zaune a shagon da janareta ke ruri, ko cikin keke napep, sai ku ƙure sautin waya don ya danne ƙarar waje, wato ana kashe wuta da fetur. Wayar da kanta takan nuna gargaɗi in an wuce ƙa'ida, ku danna "to" ku wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. Shawararta mai sauƙi ce: kada sauti ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, kuma a riƙa cirewa ana hutawa. In na kusa da kai yana jin waƙar da ke kunnenka, ai ba sai an gaya maka ba.

Ba ƙara kaɗai ke cin kunne da bazara ba, sai dai sauran zan bi su da sauri. Yara na faɗawa kogi da kududdufi don gudun zafi, ruwa mai datti ya kwanta a kunne, ya kumbura ya fara ruwa. Maimakon asibiti sai a ɗiga manja ko ruwan ganye, ko a sa tsinke, ashana ko gashin kaza a yi ta soka, har a huda fatar gangar. Kunnen yaro da ke zubar da mugunya ba abin da za a ce "zai bari da kansa" ba ne. Sannan akwai allurai irin su jentamaisin da sitireptomaisin, masu amfani ne a hannun likita, amma suna iya kashe ji in aka yi su barkatai a kemis. Uwa-uba sanƙarau, wanda lokacinsa ke nan, kuma kurumta na cikin manyan tabon da yake bar wa waɗanda suka tashi. Mutanen Arewa ba su manta da annobar 1996 ba. A farkon 2024 ma ya ɓarke a jihohi bakwai har da Yobe, kuma a watan Maris na shekarar Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar rigakafin Men5CV mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Uban da ya ɓoye ɗansa ranar rigakafi, ya san da ransa da kunnensa duka yake caca. Wanda kuma ɗansa ya warke daga sanƙarau, ya nemi a gwada jinsa da wuri, kada ya jira sai malamin makaranta ya ce yaron daƙiƙi ne.

Na san amsar da ke bakin wasu. Za a ce, mutumin da ke neman abin da zai ci, ga ciwon ƙoda da ya addabi Gashua, ga hamada na cin gonaki a Yusufari, shi za ka zo wa da zancen desibel? Wannan zancen 'yan boko ne da suka ƙoshi. Ni kuwa na ce talaka ne ya fi kowa buƙatar wannan magana. Mai kuɗi in kunnensa ya mutu zai tafi Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Kano, ko Masar, ya sayi na'urar ji, ko a yi masa dashen da ke cin miliyoyin naira. Mutumin Kumagannam fa? Kafin ya kai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ma sai ya yi lissafin kuɗin mota. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mutum miliyan 430 ne a duniya ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe irin namu suke, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abin da za a iya kaucewa ne. Wanda ba shi da kuɗin magani, ai shi ya fi kowa buƙatar rigakafi, balle rigakafin da kusan kyauta ne.

Kuma mu duba yadda muke yi wa wanda jinsa ya tafi. Mu ne masu yi masa dariya, mu sa masa suna, mu ce "bar shi, kurma ne". A kasuwa a cuce shi a ciniki, a majalisa a daina sa shi a shawara, a masallaci huɗuba ta wuce shi, a titi mota ta yi ta ƙaho bai ji ba. Ɗiyarsa ta kira daga Legas ko Damagaram, ya riƙe waya yana "na'am? na'am?" har kati ya ƙare. A hankali sai ya janye daga mutane ya koma zaman kaɗaici. Mu muka ƙure masa lasifika yana yaro, mu kuma muke masa dariya da ya tsufa.

Abin yi ba shi da wuya. Maigida, ka nesanta janareta daga inda ake kwana. A fili, duk ninka tazara da ka yi, ƙarar na raguwa da desibel 6, kuma ka huta da hayaƙinsa da ke kashe mutane a cikin barci. Ka sa masa sarƙa da kwaɗo in ɓarawo kake tsoro, ka gyara salansarsa in ta fashe. Manomi, in ka tayar da injin ban ruwa, ba dole sai ka zauna a kansa ba, ka koma can bakin kwali. Mai injin niƙa da mai walda, ku saya wa yaranku abin toshe kunne na soso, kuɗinsa bai kai na litar fetur ba, kuma auduga ba ta maye gurbinsa. Ku riƙa musanya su, kada yaro ɗaya ya wuni a bakin inji. Uwar biki, ki ce wa mai kiɗa ya rage, ai ke kika biya shi; a ɗaga akwatunan sama, a kori yara daga gabansu, mai goyo ta zauna nesa. Kwamitin masallaci, a juya lasifikar wa'azi ciki. Masu unguwanni da dagatai da hakiman masarautun Bade da Nguru, ku da kuke iya sa lokacin tashi daga biki saboda tarbiyya, kuna iya sa shi saboda lafiya. Jami'ar Tarayya da ke Gashua kuma tana da ɗaliban da za su iya zagaya kasuwanninmu da na'urar awo su gaya mana ainihin abin da muke ciki. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, daidai bakin bazara, babu lokacin da ya fi ta dacewa da limamai da gidajen rediyo su tuna wa jama'a.

Wanda kuma ya riga ya fara jin "shuuu" ɗin nan, ko ya ga yana yawan cewa a maimaita, ya je a duba shi, ya kuma tsare abin da ya rage masa, domin ragowar ma tafiya za ta yi in bai canza ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To a bar mana kunnen da za mu ji da shi tukuna.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu gyara. Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yi haƙuri, amma don Allah ya rage ƙarar.